Katin Inna Mai Waina

Wani tsohon ɗalibina ne ya kawo min littafin, yana ta washe baki kamar kujerar Makka ya kawo min. Jami'ar da muka yi ce ta buga shi, mai kauri, takardarsa sai sheƙi take, an jera hotunan waɗanda suka fita daga cikinta suka zama wani abu a duniya. Na sa tabarau na zauna a ƙofar gidana a nan Tarauni ina buɗawa. Ga alƙalai da farin gashin nan nasu na aro a ka, ga likitoci, ga manyan sojoji, ga masu banki da kumatu kamar an hura, ga matan da suka zama farfesoshi, ga injiniyan da aka ce shi ya zana gadoji, har da wani da na sani sarai bai taɓa cin jarrabawa a zama ɗaya ba, yanzu wai shi ne masanin tattalin arziki. Ni dai na san ba zan ga fuskata ba. Wanda ya ƙare rayuwarsa da alli a hannu ba a sa shi a irin wannan littafi, kuma ban nema ba. Amma na ga mutum uku da muka yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗaya farfesan kimiyya ne a Turai, ɗaya babban alƙali, ɗaya ya yi suna a gidan rediyo har aka tura shi jakadanci. A ƙarƙashin kowane hoto an bar wa mutum wuri ya faɗi waɗanda yake gode wa. Sun gode wa malamansu, sun gode wa iyayensu da matansu, ɗaya har da wani Bature da ya ba shi aron littafi. Na karanta sau biyu ina bin layi da yatsa. Babu wanda ya ambaci Inna Mai Waina, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi ta yau ba zai yarda da ni ba idan na ce a da daga ƙofar gidan Inna kana hango gonakin dawa har su haɗe da na Tarauni. Gidajen ba su da yawa, yawanci na ƙasa ne, kowa ya san akuyar kowa. Da safe abin da za ka fara ji shi ne luguden mata yana amsa juna daga gida zuwa gida, sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai cuwwar ƙullu idan ya faɗa cikin man tanda. Da damina kwaɗin kududdufi su hana ka jin maganar na kusa da kai. Yanzu fa? Hon na 'yan adaidaita sahu, janareto a kowane shago, lasifikar mai maganin gargajiya tana faɗin abin da a da ko a ɗaki ba a faɗa. An cike kududdufan an yi benaye, ruwan ya rasa wurin zuwa sai ya shiga ɗakunan talakawa. Maƙwabcinka zai yi shekara bai san ko kana da rai ba. A da mutum ba ya wuce dattijo a kan keke, sai ya sauka ya tura. Yanzu yaro zai watsa maka ruwan kwata da babur, ya juyo ya harare ka don ka tsaya a hanyarsa.

Ba mu sami ɗaki a cikin makaranta ba, shi ya sa muka faɗo gidan Inna. Mijinta tela ne, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya da shagon ɗinkinsa a jikin zaure, shagon nan ne ya zama ɗakinmu. A lokacin ba na jin ta kai arba'in, amma Inna muke ce mata, ita kuma ta raɗa wa kowa suna. Farfesan yau shi ne Dogo, Kirista ne daga Filato, idan zai shiga zaure sai ya sunkuya. Alƙalin nan da lauyoyi ke rawar jiki a gabansa Sarkin Ci ne, don shi kaɗai yake tashi da waina goma sha biyu ya tambayi ko akwai ƙanzo. Jakadan kuwa Mai Rediyo, saboda wata 'yar akwatinsa da ba ta rabuwa da kunnensa. Ni na girme su da shekara uku, na yi koyarwa a firamare kafin in shiga jami'a, sai ta ce min Babba. Kuma da gaske take. A gidan nan duk maganar da za ta je wurin Inna ta bakina take bi, duk wadda za ta fito daga wurinta ni ake kira a faɗa wa. Haka aka tashe mu, ƙarami ba ya tsallake babba ya je gaban uwa da magana.

Aikin gidan mun raba shi ba tare da an ce mu raba ba. Dogo ke jan ruwa ya cika randuna, Sarkin Ci ke faskare, Mai Rediyo ya ɗaura niƙa a bayan keke ya kai inji, ni kuma ina koya wa 'yarta karatu ina rubuta mata wasiƙa idan za ta aika wa danginta. Kafin mu hau kekuna mu ratsa gari zuwa lacca, ta riga ta zubo mana waina da miyar taushe a babban akushi. "Ku ci ku ƙoshi," in ji ta, "kar ku je ku faɗi a gaban malamai a ce daga gidana kuka fito." Ranar Lahadi takan rufe rabon Dogo da faifai har ya dawo daga coci. Da azumi kuwa da rana tsaka za ta aiko masa da ɗumame, idan ya ce shi ma zai jira magariba don kara, ta ce ba ta son munafunci, wanda ba a ɗora wa ba ya ci abincinsa. Lokacin jarrabawa ba ta bari a yi daka kusa da ɗakinmu, turmin ma sai a kai shi bayan gida. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta san ranar da kowannenmu zai shiga wace jarrabawa, kuma idan ka dawo fuskarka kawai za ta duba ta san yadda aka yi.

Da muka gama, aka sa ranar bikin yaye mu bayan wasu watanni, duk muka dawo gidanta muka sauka. Kowane ɗalibi kati biyu ake ba shi, na uwa da na uba, kuma masu gadin ƙofar zauren taron ba sa jin roƙo. Mahaifin Dogo ya rasu, mahaifiyarsa kaɗai za ta zo, sai kati ɗaya ya yi saura. Ba mu yi gardama ba, kowa ya ce na Inna ne. Dogo ya miƙo min ya ce, "Babba, kai za ka ba ta." Na sa a aljihun gaban riga. Da na ba ta a ranar nan da shi ke nan. Amma ni da son tsari, na ce musu sai safiyar bikin, mu huɗu mu shiga da rigunan digiri mu durƙusa, in yi ɗan jawabi in miƙa mata. Bangon ƙasa ba ya ɓoye magana, ta ji komai. Amma mace irinta ba za ta tambayi abin da ba a kawo mata ba. Sai dai muka ga an yi kitso, an ƙunsa lalle hannu da ƙafa, an kai sabuwar atamfa wurin ɗinki.

Ana gobe biki dangi suka iso, gidan ya cika, ita ke ta ɗora tukunya tana saukewa. Cikin waɗanda suka zo daga ƙauyenmu har da Baffa, yayan mahaifina, wanda ba wanda ya gayyace shi. Mutumin nan shi ne ya fi kowa faɗa lokacin da aka sa ni a boko, ya ce an ba da ni ga Nasara. Yanzu da abin ya yi kyau ya ɗauro rawani ya biyo mota. Da safe ina gyara hula mai tuntun nan, mahaifina ya ja ni gefen rijiya ya yi ƙasa da murya.

"Katin nan guda nawa ne?"

"Biyu ne, Baba. Naka da na Iya."

"To ka ba Yaya nawa. Ba zan shiga in zauna a kujera yayana yana tsaye a rana ba. Idan muka koma gida da wane ido zan kalli mutane?"

Na dubi mahaifina, mutumin da ya sayar da amfanin gonarsa shekara da shekaru don wannan yini ɗaya. Na ji katin Inna a ƙirjina. Wallahi ban yi dogon tunani ba, hannuna ne ya shiga aljihu ya fito da shi. Na ce, "Akwai wani, Baba." Ya yi min addu'a har da riƙe kaina.

Da abokaina suka fito suka ce mu shiga wurin Inna, na ce musu na riga na kai mata da asuba, ta yi godiya, amma ta ce ba za ta bar baƙi da tukwane ba, kuma taro yana sa ta jiri. Dogo ya ce bari ya shiga ya lallashe ta. Na tare shi na ce kar ya kunyata ta a gaban baƙi, ga mota tana jira. Sun yarda, don ban taɓa yi musu ƙarya a kan Inna ba. Muka fice ta zaure tana can ciki tana zuba wa mutane koko. A zauren taron ina hango Baffa daga inda nake. Tun kafin a gama jawabin farko ya yi barci, rawanin ya karkace, bakinsa a buɗe. Har aka kira sunana aka gama tafi bai farka ba.

Da la'asar muka dawo muka tarar ta yi shinkafa da kaji, tana sanye da sabuwar atamfar, ta rangaɗa guɗa tun daga tsakar gida, ta shafa kan kowa. Ko kallon tuhuma ba ta yi min ba. Ni kuwa na ture kwanon gefe. Washegari da sassafe na bi iyayena ƙauye, sallamar da na yi mata daga bakin zaure ce, kaina a ƙasa. Daga nan aka yi ta jefa ni makarantun karkara, daga wannan gari zuwa wancan. Da na dawo Kano na gina ɗan gidana a Tarauni, yau fiye da shekara ashirin. Tsakanina da gidanta tafiyar ƙafa ce da ba ta kai a gaji ba. Sau nawa na shirya zuwa, sai in ce bari in sami abin riƙewa a hannu mai kyau, ko bari mu haɗu mu huɗu mu je tare. Idan hanya ta biyo da ni ta layinsu sai in zagaya ta bayan masallaci. Abokan nawa ma na janye jiki daga gare su. Sun yi ta aiko min da takardar taron tsofaffin ɗalibai, ban taɓa zuwa ba, ina cewa ba zan je in zauna a bayan masu manyan riguna ana tambayata har yanzu koyarwar nake ba. Da na ji an ce Inna ta je Makka, na ce mijin 'yarta ya kyauta.

To ranar da littafin nan ya zo na shiga gida ina ta faɗa. Na ce wa matata ta dubi butulcin 'yan boko, matar da ta ciyar da su shekara huɗu ba ta sami ko layi ɗaya ba, amma Bature mai aron littafi ya samu. Matata ta san labarin katin, ita kaɗai na taɓa faɗa wa. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, su dai alƙalami ne ya manta da ita. Kai da ƙafarka za ta iya kai ka, yaushe rabonka da gidan? A wurin sunan nan na Unguwa Uku na ji an ce tana nan da ranta, amma idon ya tafi, jikin ma sai a hankali. Idan kana da magana da ita, ka je tun tana ji."

Na yi fushi da ita yini guda. Washegari da hantsi na ɗauki sandata na fita, ban riƙe komai ba.

Da ƙyar na gane gidan. Shagonmu ya zama wurin cajin waya, an yi wa bangon siminti, rijiyar an rufe ta da faranti. 'Yarta, wadda na koya wa baƙi da wasali, ita ce ta fito, ita ma da furfurarta. Ta dube ni ta sake dubawa, sannan ta yi min iso. Inna tana zaune a kan katifa a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙance, carbi a hannu, idanun sun yi fari. Na yi sallama na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara.

"Wannan muryar Babba ce," in ji ta. "Ko kunnena ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ikon Allah. Matso in ji ka." Ta laluba ta kama hannuna, ta shafa fuskata har gemu. "Kai ma ka tsufa."

Muka gaisa, ta tambayi iyayena na ce sun daɗe da rasuwa, ta yi musu addu'a. Don in sami abin faɗa sai na kawo zancen littafin, na ce an buga su Dogo a ciki da manyan hotuna, amma ko sunanta ba su sa ba. Ta yi 'yar dariya.

"Me zan yi da suna a littafin da ba zan gani ba? Dogo duk Juma'a sai ya kira ni a waya daga can ƙasar sanyin, ya yi ta min Hausarsa ta Filato. Sarkin Ci ne ya kai ni Makka, ko da yake shi ba ya zama, a tsaye yake gaishe ni, 'yan sanda na jiransa a waje. Mai Rediyo kam sai ya shekara biyu bai leƙo ba, amma idan ya zo da yaransa yake zuwa, su cika min gida da Turanci. Duk wanda ya zo sai ya tambaye ni kai. In ce kana nan lafiya, aiki ne ya yi maka yawa."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse a wurin. Na ce, "Inna, na zo ne da wata magana da ta daɗe a cikina. Ranar bikinmu akwai katinki. A hannuna yake. Na ba Baffana, na ce wa su Dogo ke kika ce ba za ki ba. Ki yafe min."

Ta ci gaba da jan carbi, har na zaci ba ta ji ba.

"Ai na je," ta ce.

"Kika je ina?"

"Makarantar taku. Da kuka fita ban ga an kira ni ba, na ce ƙila ruɗanin baƙi ne ya sa kuka manta. Na bar wa maƙwabciya tukwanen, na yafa mayafi na hau motar kiya-kiya. Na isa ana shiga. Da idona na ga Baffanka ya miƙa kati ya wuce, ga babanka ga innarka kowa da nasa, sai na gane inda nawa ya tafi. Na tsaya a wajen masu sayar da rake har kuka fito. Na gan ku da rigunan nan kuna ɗaukar hoto, kun yi kyau, Babba, kai ka fi su kyau ma. Ka juyo wajen da nake, sai na ja mayafi na koma bayan wata mota, don na san idan ka gan ni bikin ya lalace maka. Na riga ku dawowa gida na ɗora shinkafa."

Hawayena suka yi ta zuba a kan hannunta, ni da nake da jikoki.

"Da ni ce a matsayinka, ga ubana ga yayansa, abin da ka yi zan yi," ta ce. "Na ji zafi a ranar, ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka a motar dawowa. Kafin lallen ya goge na huce. Su Dogo har yau ba su sani ba, kuma ba za su ji a bakina ba. Abin da ban huce ba shi ne ɗauke ƙafarka. An ce min a Tarauni kake. Shekara ashirin ina jin sallamar maza a zaure ina cewa ko kai ne. Da a ce lokacin da idon nan yake gani ka zo, da na ga yadda ka zama."

Na ce, "Kunya ce, Inna."

"Na sani. Ni kuma me na yi maka da za ka hukunta ni da ita?"

Ta gyara zama, ta ƙara riƙe hannuna da hannayenta biyu.

"Na yafe maka duniya da lahira. To faɗa min, 'ya'yanka nawa? Na Dogo da ke Turai duk na san sunayensu, naka ko ɗaya ban sani ba."

Na ce shida ne. Ta ce in faɗo su a hankali daga babba, don kan ya tsufa. Na fara faɗa, tana maimaita kowane suna sau biyu tana lanƙwasa yatsa. Da na gama ta ce in kawo mata su ta sa musu albarka, ta tambaya ko ƙaramin ya isa shiga makaranta. Na ce mata ƙaramin ne aka yi wa haihuwa ta biyu a watan jiya.